Bazarar da Aka Hana Umaru Gaisuwa

A da, idan ƙirjin mutum ya toshe a ƙauyenmu na bayan Kajiji, abin da za a yi masa ba shi da yawa. A kira wanzami ya yi masa ƙaho a baya, a dafa sassaƙe a ba shi, a turara ɗaki, sannan a zauna. Zaman shi ne babban maganin. Maza su cika ɗaki, mata su cika tsakar gida, duk wanda ya shigo ya durƙusa ya ce sannu, majinyaci ya amsa. Haka aka yi wa mahaifinmu a wata damina ta yunwa, lokacin da rumbu ya ƙare gero kuma bai nuna ba, muna kwana da tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Yana amsa gaisuwa har ranar da ya cika. Babu wanda ya ga aibin haka. Bayan sadakar bakwai ƙanin mahaifiyarmu, Kawu Bello, ya ɗauke ni da ƙanena Umaru zuwa Sifawa, ya riƙe mu har muka zama mutane.

Yanzu akwai inji mai tura wa mutum iska cikin huhu ba tare da an huda shi ko an zura masa komai ba. Na gan shi da idona, a fuskar Umaru. Bana da aka fara ciro albasa, warinta ya cika hanyar Shagari, sai wannan bazarar ta dawo mini gaba ɗaya.

Azumi ne ya faɗo a tsakiyar zafi. Ni na riga na ajiye tuƙi, ina zaune a Bodinga bayan shekarun da na yi ina kai albasa Yamai da Kumasi da Abijan. Umaru bai taɓa barin ƙasa ba. Yana fadamar ƙauyenmu, shi da ’ya’yansa, kuma a shekarar albasa ta yi kyau amma mai ya yi wuya, har sai da suka riƙa karɓa-karɓa da injin ban-ruwa ɗaya shi da maƙwabta. Ana yin sahur da tuwon jiya da ruwan randa wanda ko sanyi bai yi ba, a yi asuba, a fita gayya tun gari bai gama wayewa ba. Yau gonar wannan, gobe ta wancan. A ciro, a yanke ganye, a baza a rufe da kara. Kafin hantsi ya ɗaga miyau ya ƙafe, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Daga azahar ba a jin motsin kowa sai kukan kurciya. Mutane kwance ƙarƙashin darbejiya, an jiƙa mayafi an lulluɓa, kafin ka juya ya bushe.

A cikin wannan hali Umaru ya shiga tsohon rudu, rumfar kara da ake ajiye albasa, don ya share ragowar ta bara da ta ruɓe ta yi baƙin gari. Ya fito yana tari. Zazzaɓi ya biyo baya. Bai sha azumi ba, bai bar gayya ba, domin saura gonar wata gwauruwa da ya yi wa alkawari. Matarsa Hadiza ce ta kira ni a waya.

“Yaya, ka taho. Jiya shina jan mu sallar magariba, Fatiha ta gagare shi. Sai da yat tsaya tsakiyar aya.”

Na same shi zaune ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗu suna hawa suna sauka. Leɓensa ya yi toka-toka. Na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Har ya yunƙura zai ba ni tabarmarsa.

A asibitin da ke kusa suka sa masa oksijin ta siririn tiyo a hanci, suka ce nimoniya ce ta kama huhu biyu, kuma abin ya fi ƙarfinsu. Muka kama hanyar Sakkwato da rana tsaka, gilasai a sauke, iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. Duk ramin da mota ta faɗa sai in waiga in ga ko yana nan.

A Sakkwato aka kai shi wani ɗaki mai gadaje kaɗan. Aka ɗaura masa takunkumin roba mai haske wanda ya rufe hanci da baki, aka ja maɗaurai ta bayan kai har suka nutse a kumatunsa. Wani kakkauran tiyo ya tashi daga takunkumin zuwa inji. Da ya ja numfashi sai injin ya taya shi da turi, da ya saki kuma ba ya barin iskar ta fice duka. A yatsansa aka maƙala wani abu mai jan haske, lamba tana fitowa a allo. Nas ta ce idan lambar ta hau, jini ya sami iska. Shi ke nan na kafa wa allon ido. Ta hau in ce alhamdulillahi, ta sauka in shiga salati.

Likitar da ke kula da shi yarinya ce da ba ta wuce sa’ar ’yata ba, ba ta da yawan magana. Na lura ita ba ta cika duban allon ba. Takan tsaya a gefen gado ta harɗe hannu tana kallon wuyansa. Ta sunkuya ta ce, “Baba, ya numfashin?” Ya ɗaga takunkumin da yatsa ya ce, “Da sauƙi, likita. Ya aiki?” Ta mayar masa da shi, ta yafito ni waje.

“Baba, duk wanda ke ɗakin nan da sauƙi yake ce mini. Wanda aka fitar da gawarsa jiya ma haka ya ce.”

Ta nuna mini abin da take kallo. Ramin da ke ƙasan maƙogwaro, yadda yake zurmawa ciki duk jan numfashi. Jijiyoyin wuya da suka miƙe kamar igiyar guga. Hancin da ke buɗewa. Fatar da ke shigewa tsakanin haƙarƙari. Ta ce lamba tana iya yin kyau alhali mutum yana kashe kansa kafin ya samo ta. Wannan ja da ƙarfi yana gajiyar da naman ƙirji, kuma huhun da ke ciwo in ana fizgarsa haka ƙara yagewa yake yi. Aikin injin shi ne ya karɓe masa nauyin, ya riƙe ƙananan jakunkunan huhu a buɗe. Amma duk lokacin da aka ɗaga takunkumin sai su sake rufewa, a koma farko.

Wannan na gane shi. Duk mai noman rani ya san in bakin tiyo ya fita daga ruwa ya shaƙi iska, injin ba ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai an kashe, an ɗura masa ruwa, an sake tayarwa.

To, labari ya riga ya isa gida. Kashegari tun da hantsi mutane suka fara sauka. ’Yan gayya, surukai, abokan kasuwa, makiyayan da ke kwana a gonarsa bayan girbi. Kowa da azumi a baki, wani ya hau babur daga Kajiji zuwa bakin titi sannan ya nemi mota. Na kwanta asibiti a Abijan, can ƙofa ake kullewa sai sa’ar da aka yanka, kuma ba wanda ke jin haushi. A Madina na ga mai gadi ya mayar da dattijo mai furfura ko kallonsa bai yi ba. Nan ma akwai doka a rubuce a bango. Amma mai gadin ɗan mutane ne, kuma wa zai kalli tsoho da ya sha wannan rana ya ce masa koma?

Su shigo bibbiyu, uku-uku. “Sannu Umaru. Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Allah shi sawwaƙe.” Shi kuma ya kai hannu ya ɗaga roba, iska tana huci ta gefe, inji yana ƙara. “Da sauƙi. Kun taho lahiya? Ya gida? Ya yara? An gama ta Inno?” Gonar gwauruwar nan yake tambaya. Ba ya gajarta gaisuwa ko da ta yaro ce. Su kuma su fito suna cewa, “Kai, jiki ya yi kyau, har hira munka yi.”

Bayan azahar likita ta sake kirana. Wannan karon ba ta sassauta murya ba.

“Baba, ƙaninku ya fi jiya wahala. Zan ba shi zuwa magariba. In wuyan nan bai kwanta ba, dole mu sa shi barci mu zura masa bututu ta maƙogwaro, inji ya karɓi numfashin gaba ɗaya. Ba na son in jira har ya gaji ya faɗi, wannan ya fi haɗari. Amma ba zan ɓoye muku ba, mai shekarunsa da huhu irin wannan, ba kowa ke tashi daga bututu ba.”

Na ce me za mu yi.

“Kada ya sake cire takunkumin nan. Ko sau ɗaya. Ko wa ya zo.”

Na shiga na gaya wa Umaru. Ya gyaɗa kai. Na san ƙanena. Gyaɗa kan nan na nufin ya ji, ba ya nufin zai iya kallon mutum ya gaishe shi ya yi shiru. Don haka na bar Hadiza a gefensa, na jawo benci na tare bakin barandar da ke kaiwa ɗakin.

Ban taɓa aikin da ya fi wannan nauyi ba, ni da na kwana kan iyaka da mota cike da albasa tana ruɓewa. Wasu suka fahimta suka yi addu’a suka juya. Wasu suka tsaya suna kallona kamar na zage su. Wani taubashinmu, Ɗanjuma, ya ce, “Alhaji, da tsufanka kaz zama ɗan sanda? Ina hular?” Na ce hular tana wurin ɗinki, shi dai ya koma. Ya yi dariya, amma da zai tafi bai ba ni hannu ba. Wani Bafulatani ya kawo man shanu a kwalba, na lallashe shi da harshensu, ya ajiye ya tafi yana waige. Zufa tana bin bayana, harshena ya manne a dasashi. Duk bayan ɗan lokaci in leƙa ta gilashin ƙofa. Na daina kallon allo. Ramin wuyan nan nake kallo, yana zurmawa, yana zurmawa. Sai dai kamar ya ɗan rage. Ko idona ne ke so ya ga haka, ban sani ba.

Ana gama la’asar na hango sanda da farin rawani a ƙarshen baranda. Kawu Bello. Ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, kuma likitoci sun daɗe da ce masa ya bar azumi bai bari ba. Shi kaɗai ya taho daga Sifawa. Na tashi da sauri na tare shi, na durƙusa.

“Kawu, sannu da hanya. Da kun aiko ai da na zo na ɗauke ku.”

“Buba,” ya ce. Duk duniya shi kaɗai ya rage mai kirana haka. “Ina yaron?”

“Shina ciki, Kawu. Amma likita ta ce a dakata da shiga.”

“Mi?”

Na ɗaga murya kaɗan. “An hana shiga, ranka shi daɗe.”

“An hana wa?”

“Kowa, Kawu.”

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. “Ni ne kowa? Ni da nid ɗauko ku kan jaki, kai gaba shi baya, shina kuka shina yi man fitsari ga riga? Kai da kat tahi yawon duniya, wa yaz zauna da shi? Tashi man daga hanya.”

Ban tashi ba. Ina durƙushe na kama gefen rigarsa, ina ƙoƙarin yi masa bayanin tiyo da injin ban-ruwa. Amma mai nauyin kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa. “Umaru!” ya kira. “Umaru, kana jina? Ga wanka ya hana ni ganinka!”

Sai na ji ƙarar inji daga ciki, da muryar Hadiza tana salati.

Na banka ƙofa. Umaru ya fizge takunkumin gaba ɗaya, ya sauko da ƙafa ɗaya ƙasa. Durƙusawa zai yi. Tunda yake bai taɓa gaida Kawu daga kan gado ba. Bakinsa a buɗe, yana son ya ce sannu da zuwa, babu iskar da za ta ɗauko maganar. Fuskarsa ta yi baƙi, cikinsa yana shigewa lokacin da ƙirji ke ɗagawa. Likita ta shigo da gudu da nas biyu, suka mayar da shi, suka danna masa robar. Yana ture hannunsu, idonsa a ƙofa. Na ji ta ce wa nas ɗaya ta je ta shirya kayan bututu.

Kawu yana tsaye a bakin ƙofa. Ban san lokacin da ya biyo ni ba. Ya daɗe yana kallon wuyan Umaru, sannan ya ce a hankali, wanda a wurinsa shi ne muryar kowa, “Haka babanku yay yi.”

Ya tako har gaban gado yana dogara sanda. Likita ta buɗe baki, na roƙe ta da ido.

“Umaru. Dube ni. Kwanta.”

Ya kwanta.

“Na yahe maka gaisuwa. Ka jiya? Tawa da ta kowa. Wanga abu da anka ɗaura maka, in kas sake kai hannu gare shi, ban yahe ba. Ni nic ce.”

Hannun Umaru da ke kan maɗauri ya sauka kan katifa. Hawaye suka gangaro suka taru a gefen robar.

Nas ta kawo wa Kawu tabarma. Yana shirin zama sai Umaru ya fara motsi, yana zare ido, yana neman tashi. Hadiza ce ta gane. “Ba shi iya kwanciya bisa, Kawu na ƙasa.” Aka kawo kujera, ita ma ba ta kai tsayin gadon ba. Kawu ya ce to shi zai tsaya. Tsoho mai azumi, a kan sanda. Likita ta dube mu duka kamar ta ga mahaukata, sannan ta fita da kanta ta jawo wata doguwar kujera mai ƙafa uku da suke hawa in za su ɗauko kaya a saman kabad. Muka ɗaga Kawu muka ɗora. Ƙafafunsa suna lilo, sanda a kan cinya, rawani ya karkace.

“To, ga ni bisa,” ya ce. “Sai ka yi ta shan iskarka.”

Likita ta ce mini a kunne ba ta janye maganarta ba. Magariba. Kayan bututu suna nan a kan tire an rufe da koren ƙyalle, inda duk muke ganinsu.

Inji yana turawa yana saki. Rana ta sauko ta shigo ta taga ta kwanta a bango, ja kamar garwashi. Wasu mutanen Shagari suka leƙo, Kawu ya ɗaga musu hannu daga inda yake. “Ya amsa. Ya gode. Ku gaida gida.” Suka juya ba gardama. Ni ina jingine da bango ina bin numfashin ƙanena har na ga nawa ya koma irin nasa. Can na lura kafaɗunsa sun daina hawa. Daga baya jijiyar wuya ta hagu ta kwanta. Ramin yana zurmawa har yanzu, amma ba kamar mai son haɗiye yatsa ba. Idonsa ya fara lumshewa. Na tsorata, na taɓa nas. Ta ce barci ne, rabonsa da shi tun kafin a kawo shi.

Aka kira salla a masallacin asibiti. Hadiza ta miƙo dabino da ruwan leda. Ban iya kai shi baki ba, domin likita ta shigo. Ta harɗe hannu ta tsaya. Ta daɗe. Ta ɗora tafin hannu a ƙirjinsa, ta sa wani a cikinsa, tana duban agogo. Ta ɗebi jini a wuyan hannunsa ta aika. Muka jira sakamako, dabino a hannuna ya jiƙe da zufa. Da takardar ta dawo ta karanta, ta ce wa nas, “Mayar da tiren. Amma kar ki kai shi nesa.”

Kawu ya ce, “Mi tac ce?”

Na ce, “Ta ce a sha ruwa, Kawu.”

Ya karɓi ruwan daga hannun Hadiza, ba daga nawa ba. Sai da aka kwana biyu kafin ya sake kirana Buba.

Ba a ranar aka gama ba. An yi kwanaki ana ɗaura masa ana kwancewa, roba ta ci masa karan hanci har ta bar tabo. Daga baya aka koma wani tiyo mai hura iska mai ɗumi ta hanci, sannan ƙaramin, sannan babu. Kullum da hantsi Kawu yana kan doguwar kujerarsa yana karɓar gaisuwa, har nas-nas suka riƙa ce masa mai gadi. A gida ’yan gayya suka ƙarasa gonar Inno, suka shigar da albasar Umaru sabon rudu. Mun yi sallar idi a Sakkwato, shi a zaune.

Umaru ya koma gida da ƙafarsa, amma numfashinsa bai dawo duka ba. Daga ƙofar gida zuwa fadama sai ya tsaya ya huta a hanya, don haka ya bar wa ’ya’yansa noman albasa. Kuma tun daga wannan bazarar, a zuriyarmu, in ciwo ya kama ƙirjin mutum ba ya amsa gaisuwa. Babban da ke gidan ne ke zama a ƙofa ya amsa masa.